Uwargida, Me Ya Sa Hudar Tumatirinki Ke Zuba?

 A hutun da ya wuce na je Rogo gai da wata gwaggona, na iske ta tsaye a bayan ɗaki tana ɓacin rai. Ta shuka tumatir da attarugu cikin tsofaffin tukwane guda shida, sun yi kore shar, sun yi huda, amma kullum da safe sai ta tarar da hudar a ƙasa. Ta ce mini, “'Yar nan, ke da ki ka yi karatu, wannan ba baki ba ne?” Na ce mata ba baki ba ne, Gwaggo, akwai dalili. Da na komo Ƙaraye na ji mata da yawa suna irin wannan kuka, shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna a nan.

Ku sani wannan damuwa ba tamu kaɗai ba ce. A Ingila da Amurka akwai mata masu kiwon wani fure da a ke kira okid. Irinsa ya fi 25,000 a duniya, kuma daga 'ya'yan ɗayansu a ke samun banila da mu ke sa wa kek. Ƙananansa a kan rene su cikin akwatin gilashi, domin suna son laima. Asalin wannan dabara daga wani likita ne a Landan, Nathaniel Ward, wanda a 1829 ya ga tsiro ya fito cikin kwalbar da ya rufe, yana girma ba a ba shi ruwa ba. To, duk da wannan gata, su ma hudarsu ta kan yi rawaya ta zube kafin ta buɗe. Dalilan kuwa kusan ɗaya ne da namu. Tsiro in ya shiga wahala, huda ya ke fara yarwa domin ya tsira da ransa.

Na farko shi ne zafi. Tumatir ba ya ɗaura 'ya'ya sosai in zafin rana ya wuce digiri 32, ko dare ya ƙi yin sanyi. A ƙasarmu kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi ya kan kai 40. Gwaggona ta yi shukarta a ƙarshen Janairu, sai huda ta faɗo cikin bazara. Ku lura da masu noman rani a bakin dam ɗin Challawa, wanda a ka gama a 1992. Da kaka su ke yafa iri, domin fure ya zo cikin sanyi. Ke ma ki yafa naki wajen Oktoba, ki dasa bayan mako huɗu. In kin makara, ki yi wa tukwanen 'yar rumfar kara ta kare su daga ranar azahar.

Na biyu shi ne ban-ruwa na ganin dama. Yau a tsiyaya ruwa har ya kwanta, gobe da jibi a manta. Tukunya ba gona ba ce, ƙasarta kaɗan ce, maza ta ke bushewa. Ki huda gindin tukunyar domin rarar ruwa ta fita. Kowace safiya ki tsoma yatsa cikin ƙasar, in kin ji ta bushe ki ba da ruwa a gindi. Sa'an nan ki rufe saman da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa. Ruwan wanki mai sabulu kada ya je wurin.

Na uku shi ne iskar hunturu. Sanyinta alheri ne, amma bushewarta tana ƙone huda. Ki jera tukwanen a jikin katanga, ko ki kafa zana ta gefen arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa.

Na huɗu shi ne hayaƙi. Hayaƙin murhu da na risho suna ɗauke da wata iska mai suna etilin, wadda ke sa fure ya tsufa ya faɗi. Ayaba da mangwaro masu nuna su ma suna fid da ita. Masu okid sun daɗe da sanin haka, ba sa ajiye kwanon 'ya'yan itace kusa da furensu. Saboda haka ki nisanta shukarki daga madafa.

Na biyar shi ne yawan taki. Kashin kaji ɗanye ko takin zamani fiye da kima su kan sa ganye ya yi yawa, 'ya'ya kuwa babu. Ruɓaɓɓen kashin awaki, tafi biyu a tukunya, ya isa. Har wa yau, in wurin ba ya samun iska, ki riƙa girgiza reshen a hankali da hantsi, domin garin furen ya zuba inda ya kamata.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Ku sami babbar kwalba mai faɗin baki, ku zuba tsakuwa a ƙasa, sai gawayi kaɗan, sai ƙasa mai laima. Ku dasa ɗan ƙaramin tsiro mai son inuwa, ku rufe, ku ajiye inda akwai haske amma ba cikin rana ba, don rana za ta dafa shi. Da safe za ku ga raɓa a jikin gilashin tana gangarawa ƙasa. Yadda girgije ke haɗuwa ruwa ya sauko ke nan. In raɓar ta yi yawa har ba ku ganin ciki, ku buɗe murfin na yini ɗaya.

Gwaggo dai ta janye tukwanenta daga kusa da murhu, ta yi musu rumfa. Ta kuma ce bazara mai zuwa kuɓewa da alayyafo za ta shuka, su da ba sa tsoron zafi, tumatir kuwa sai kaka. Wadda ta sami kayan miya a bayan ɗakinta, kuɗin cefane ya ragu mata. Ku gwada, ku rubuto mana abin da ku ka gani. Allah ya sa albarka, amin.