Kafin Ikilisiya Ta Ɗauki Ma'aikaci, A Tambayi Waɗanda Suka Zauna da Shi

A ikilisiyoyi da yawa, idan ana neman sabon ma'aikaci, abin da ake fara yi shi ne a ba shi mumbari ranar Lahadi a ji wa'azinsa. In muryarsa ta cika majami'a, ya jero ayoyi da ka, jama'a suka yi ta amsa "Amin", sai dattawa su dubi juna su ce an dace. Ba a jimawa sai ƙananan maganganu su soma tashi: kuɗin gini bai cika ba, marasa lafiya ba mai leƙa su, matasa sun rabu gida biyu. Mai neman aiki da wa'azin da ya fi ƙwarewa a kai yake zuwa, wanda ya sha maimaitawa a wasu wurare. Duk kwamitin da ya yanke hukunci a kan wannan kaɗai, cinikin biri a sama ya yi.

Ma'aikatan ikilisiya ba fasto kaɗai ba ne. Akwai mai bishara da ake turawa ƙauye, da magatakarda, da mai riƙe littattafan kuɗi, da malamin mawaƙa, da mai kula da matasa, da malaman makarantar Lahadi, har da direba da mai gadi. A manyan ɗarikoki irin su ECWA da COCIN da EYN, majalisun da ke sama ne ke tura fasto, amma sauran ma'aikata galibi dattawan wurin ne ke ɗauka. Ko faston ma, daga wata ikilisiya ya fito, kuma ita ta ba shi takardar shaida kafin ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki. Ke nan nauyin tantancewa tun daga ƙasa yake farawa.

Abu na farko da za a duba shi ne hali. Wanda ya karanta sura ta 3 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, da sura ta 1 ta wasiƙarsa zuwa ga Titus, zai lura cewa a jerin sharuɗɗan shugaban ikilisiya, gwaninta ɗaya ce tak aka nema, wato iya koyarwa. Sauran duka hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, nisantar maye da faɗa da kwaɗayin kuɗi, da iya riƙe gidansa. Bulus ya kuma hana a ɗora sabon tuba a kan shugabanci, don kada girman kai ya kayar da shi. Wa'azi ana koyonsa, kwamfuta ana koyonta, amma hali zanen dutse ne. Shi Timoti kansa, kafin Bulus ya ɗauke shi abokin tafiya, sai da 'yan'uwa na Listira da Ikoniya suka yi masa kyakkyawar shaida. Mutanen garuruwa biyu ne suka yaba shi, ba shi ya yabi kansa ba.

Takardar shaida ba ta wadatarwa. A al'adarmu ana jin nauyin rubuta aibin mutum, wani lokaci ma akan rubuta wa ma'aikaci takarda mai daɗi ne don a rabu da shi lafiya. Abin da ya fi shi ne a tashi mutum biyu, dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga Zumuntar Mata, su je inda ya yi aiki a baya. Kada su tsaya ga shugaban wurin kawai. Su zauna da ma'aji, su gaisa da mai gadi, su ji ta bakin maƙwabta da mai shagon da yake karɓar kaya bashi. Tambaya ɗaya ta fi sauran tono gaskiya: "Baba, da za a dawo muku da shi gobe, za ku karɓe shi?" In wanda aka tambaya ya ce da gudu, an samu amsa. In ya sunkuyar da kai, ya gyara hula, ya ce, "To, kowa dai da halinsa," wannan ma amsa ce.

Na biyu, amana a kan kuɗi. Ba abin da ke rusa ikilisiya da sauri kamar zargin an taɓa baiko. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin a bincike shi, shi ne ma zai nemi a yi. Bayan an tashi sujada, mutum biyu ko uku su shiga ɗaki da jakunkunan baiko, a zazzage a kan tebur, a ware zakka dabam, baikon godiya dabam, a ƙirga, a rubuta, kowa ya sa hannu, washegari a kai banki a dawo da takarda. Haka buhunan masara da dawa na godiyar kaka, a ƙirga su a gaban shaidu kafin a rufe rumbu. Lokacin da Bulus ya tara gudummawa don matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Sura ta 8 ta wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa ta nuna har da wakilin da ikilisiyoyi suka zaɓa a tafiyar, don kada a sami abin zargi. In manzo ya yarda da wannan tsari, mai neman aikin da ya ce "ba ku yarda da bawan Allah ba ne?" ya riga ya faɗa wa kwamiti abin da ya kamata ya sani.

Na uku, ilimin da ya dace da aikin. Arewa na da makarantun tauhidi da aka daɗe da sani, irin su TCNN da ke Bukuru, wadda ta fara a 1959, da JETS ta Jos da aka buɗe a 1980, da ta Kagoro, da ta Kulp a Kwarhi. Akwai kuma masu raba digirin dakta bayan taron mako biyu. A kira makarantar a tabbatar da takardar. Sai batun harshe. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen sujada ga ƙabilu masu yawa daga Filato zuwa Adamawa da kudancin Kaduna da Borno. Wanda ya ƙware a Turanci amma ba ya iya yi wa tsohuwa ta'aziyya da harshen da take ji, rabin aikin kawai zai iya. A sa shi ya karanta sura da Hausa a gaban kwamiti, ya kuma bayyana ta yadda ɗan shekara goma zai gane.

Akwai wata cuta da ba a son ambata, wato "ɗanmu ne". Akan ɗauki mutum don ƙabilarsu ɗaya da shugaban dattawa, ko don mahaifinsa ne ya ba da filin da aka gina majami'a. Irin wannan ma'aikaci ba ya tsawatuwa, domin duk wanda ya taɓa shi ya taɓa dangi. Sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta ba da labarin gunagunin farko a ikilisiya, kuma a kan bambancin harshe ne: masu jin Helenanci sun ce ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su naɗa 'yan'uwansu ba. Sun faɗi sharuɗɗa, suka bar jama'a su zaɓa, aka fito da mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas da Filibus, dukansu kuwa da sunayen Helenawa, wato daga ɓangaren masu kuka. A birane irin su Kaduna da Kano da Jos, inda ƙabila goma ke zama a benci ɗaya, a tambayi mai neman aiki ko ya taɓa hidima a cikin mutanen da ba nasa ba, da yadda suka rabu.

Wanda za a danƙa wa yara da 'yan mata kuwa, bincikensa ya ninka na kowa. A tambayi iyaye a tsohon wurinsa kai tsaye. A kafa doka tun ranar farko: ba ya keɓewa da yaro a ɗaki rufe, ba ya ba mace shawara sai ƙofa a buɗe ko da wata uwa a kusa. In an taɓa sauya masa wurin aiki ba zato ba tsammani, a nemi dalili. Ɗauke mai laifi daga wannan gunduma a kai shi waccan ba horo ba ne, sauya masa waɗanda zai cuta ne kawai.

Bulus ya ƙara da sharaɗin cewa shugaba ya kasance da kyakkyawar shaida wurin waɗanda ba 'yan ikilisiya ba. A Arewa wannan na nufin maƙwabta Musulmi, da mai unguwa, da limamin masallacin da ke bayan katanga. Ma'aikacin da ke zuwa gaisuwar mutuwa da barkar suna a unguwa, ranar da hankali ya tashi yana da lambar da zai kira, kuma za a ɗauka. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna sun taɓa zama abokan gaba, Wuye har ya rasa hannu a wani rikici a 1992, daga baya suka haɗu suka kafa cibiyar sasanci. A nemi mutumin da harshensa ke kwantar da matasa, ba mai zuga su ba.

Ita ma ikilisiya akwai abin da ke kanta. A ba ma'aikaci takardar ɗaukar aiki da ta fayyace aikinsa, da wanda zai riƙa ba rahoto, da ranar hutunsa, da watannin gwaji. A biya shi a kan lokaci. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a 2024, amma akwai masu bishara da ba sa ganin ko kusa da haka, ga iyali, ga man babur. Matarsa kuma ba ma'aikaciyar kyauta ba ce da aka haɗa a cikin ciniki. In ana son ta yi aiki, a tambaye ta, a biya ta. Dattawan da suka bar mutum da yunwa sannan suka miƙa masa makullin akwatin baiko, in abu ya ɓace, su ma suna da kaso a laifin.