Ido Mai Zubar Da Hawaye Ba Tare Da Kuka Ba: Yadda Tiyata Ke Buɗe Masa Sabuwar Hanya

A ofisoshi da makarantu ba a rasa mutumin da kullum hankici yana hannunsa, yana share ido ɗaya. Ba kuka yake yi ba, ba kuma hayaƙi ne ya shige shi ba, amma ƙwalla ba ta barin idon. In ya sunkuya zai karanta takarda sai rubutu ya dushe, in yana tuƙi sai hanya ta yi masa hazo. Da yawa daga irin waɗannan mutane sun shekara suna sayen maganin ɗigawa a kantin magani ba su ga sauƙi ba. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa idon lafiyarsa lau, magudanar da ke kwashe hawayen ce ta toshe. Magudanar da ta toshe kuwa ba ta buɗewa da ɗigon magani.

Inda Hawaye Ke Bi

Ido yana yin hawaye dare da rana domin ya jiƙa kansa, ya kuma wanke ƙura. Yawancinsu suna fitowa ne daga wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙashin gira, ta gefen da ke wajen kunne. Duk lokacin da mutum ya ƙifta, fatar ido tana share su zuwa lungun da ke kusa da hanci. A nan akwai wasu 'yan ƙofofi biyu kamar hudar allura, ɗaya a fatar sama, ɗaya a ta ƙasa. Daga cikinsu hawaye ke bin siraran hanyoyi su taru a wata 'yar jaka da ke kwance a gefen karan hanci, sa'an nan su gangara ta wani bututu da ya ratsa ƙashi, wanda tsawonsa bai kai santimita 2 ba, su zube cikin hanci. Abin da ya sa ke nan mai kuka yake jan majina.

Wannan bututu na ƙarshe shi ne ya fi toshewa. Ga manya, yakan ƙuntace a hankali sabo da kumburi na tsawon lokaci, kuma abin ya fi samun mata, musamman waɗanda suka haura shekara 40. Haka nan karayar ƙashin hanci a haɗarin mota ko na babur, da ciwon kogon hanci, da ƙari, duk suna iya datse shi.

Haɗarin Da Ke Cikin Sakaci

Ruwan da ba ya gudu, ɓaci yake yi. In hawaye suka kwanta a jakar nan, ƙwayoyin cuta sukan hayayyafa a ciki, sai a ga kwantsa kowace safiya, in an danna gefen hanci mugunya ta fito ta lungun ido. Wata rana wurin ya kumbura ya yi ja kamar maruru, da zafi mai tsanani da zazzaɓi. Wani lokaci ya fashe ta fata ya bar kafar da ke tsiyaya, wani lokaci kuma cutar ta bazu zuwa cikin kwarmin ido, abin da ke iya taɓa gani.

Akwai kuma wani haɗari da jama'a ba su cika sani ba. Mai yanar ido da ke jiran aiki, in jakar hawayensa tana da mugunya, ƙwayoyin cutar suna iya shiga cikin ƙwayar idon ta wurin da aka tsaga, har a rasa idon ɗungum. Don haka ne likitoci suke fara gyara magudanar kafin su taɓa yanar.

Yadda Ake Aikin

Kafin a yi maganar wuƙa sai an tabbatar da inda toshewar take, domin ba kowane ido mai ƙwalla ne ke bukatar tiyata ba. Ƙurar hunturu, da bushewar ido, da gashin ido da ya juya ciki sabo da amosani, duk suna sa zubar hawaye. Likita yakan ɗura ruwan gishiri ta 'yar ƙofar nan da siririn bututu. In majiyyaci ya ji gishiri a maƙogwaronsa, hanya a buɗe take. In ruwan ya dawo ta ɗaya ƙofar, to, an gano matsalar.

Aikin da aka fi yi, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffa uku, DCR, ba ya ƙoƙarin fasa tsohuwar hanya. Sabuwa ake yi. Ana tsaga fata kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a gefen karan hanci, a cire ɗan ɓallin ƙashi da ya raba jakar hawaye da kogon hanci, sa'an nan a buɗe jakar a ɗinke bakinta da fatar cikin hanci. Daga nan hawaye sai su riƙa faɗawa hanci kai tsaye, sama da inda ya toshe. Wani likita ɗan Italiya, Addeo Toti, shi ya bayyana wannan dabara a 1904. A 1921 likitoci biyu na Faransa, Dupuy-Dutemps da Bourguet, suka ƙara mata ɗinkin da ke hana sabuwar ƙofar rufewa, kuma bisa tsarinsu ake tafiya har yau.

Hanya ta biyu ita ce a bi ta cikin hanci ba tare da tsaga fuska ba. Caldwell ya gwada haka a Amurka tun 1893, amma duhu da ƙuncin wurin suka hana ta karɓuwa, sai bayan da aka sami siririyar na'ura mai fitila da madubi wadda ke nuna cikin hanci. McDonogh da Meiring sun ba da rahoton yin aikin da ita a 1989. Amfaninta shi ne ba ta barin tabo. A hannun gwani, kowace daga cikin hanyoyin biyu tana warkar da kimanin mutum tara cikin goma.

Aikin yakan ɗauki kamar awa ɗaya, ko dai a sa mutum barci, ko a kashe zafin wurin da allura. Sau da yawa akan bar wani siririn zaren roba mai taushi a sabuwar hanyar, a zare shi bayan 'yan makonni ko watanni. Ɗan haɓo da kumburi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, amma akan hana majiyyaci fyace hanci da ɗaukar kaya masu nauyi na mako ɗaya ko biyu. Mai hawan jini, da mai shan maganin da ke tsinka jini irin su asfirin, wajibi ne su sanar da likita tun kafin ranar aiki. In kuwa siraran hanyoyin sama ne suka lalace, akan dasa ɗan bututun gilashi daga lungun ido zuwa hanci, dabarar da Lester Jones na Amurka ya fito da ita a 1962.

Jarirai Nasu Daban Ne

Ana haifar wasu jarirai da wata 'yar tantani da ta rufe ƙarshen bututun. Kimanin tara cikin goma nasu sukan warke da kansu kafin su cika shekara. Abin da ake koya wa uwa shi ne ta wanke hannu, ta riƙa danna gefen karan hancin yaro tana shafawa ƙasa, ta kuma goge kwantsa da auduga mai tsabta. Ɗiga nono ko ruwan sukari ko zambaɗa tozali ba ya buɗe komai, sai dai ya ƙara cuta. In shekara ta wuce ba a ga canji ba, likita yakan zura siririyar waya ya huda tantanin, aikin 'yan mintoci ne yaro yana barci.

Sai dai iyaye su lura. Jaririn da ke zubar da hawaye, yana gudun haske, baƙin idonsa ya yi girma ko ya yi hazo, yana iya kasancewa da hawan jinin ido na haihuwa. Wannan ba ya jiran shekara, domin makanta yake kawowa.

Sabo da haka, wanda idonsa ya yi watanni yana tsiyaya ya nufi sashen ido na babban asibiti, inda za a iya tura shi wurin ƙwararru, kamar Cibiyar Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitocin koyarwa na jami'o'i. Wanda kuwa gefen hancinsa ya kumbura da zafi, kada ya bari a tsaga masa a gida, kada kuma ya kwana bai ga likita ba.