Ƙafa Ke Sanin Gari: Yini Guda a Lungunan Birnin Kano

Gaisuwa ga mutanen Gumel ta Lautai, da na Maigatari bakin iyaka, da na Gagarawa da Sule Tankarkar, da duk wanda muryar nan ta iske a gona, ko a shago, ko a inuwar bishiya.

Yau tafiya za mu yi, kuma a ƙasa za mu yi ta. Cikinmu akwai waɗanda suka fi shekara ashirin suna zuwa Kano. Mutum ya yi sammako, ya bi ta Gujungu da Gezawa, ya sauka a Yankaba, ya tari Adaidaita Sahu zuwa Kantin Kwari ko Singa, ya gama sarinsa, kafin isha yana gida. In ka tambaye shi ko ya san Kano, sai ya ce kamar yunwar cikinsa. Amma titi ya sani. Birnin kansa yana bayan titin, cikin lungunan da mota ba ta shiga. Can na yini kwanan baya, daga hantsi har faɗuwar rana, kuma abin da na gano shi na kawo muku tsaraba.

Wannan hanya tamu tsohuwa ce. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Kano. Ya zaga unguwanninta, ya hau Dala ya zana hoton birnin, sannan ya kama hanyar Barno ya yada zango a Gumel, zamanin Sarki Ɗan Tanoma. A littafinsa ya bayyana Gumel a matsayin babbar kasuwar kanwa, inda fatake ke ɗaukarta su yi kudu da ita har ƙasar Nufe. Ke nan kakanninmu sun san ƙofofin Kano da tafin ƙafarsu da kofaton jakunansu. Sawunsu na bi.

Ta Ƙofar Mata na shiga. Kafin ka ga marina, hancinka zai faɗa maka ka iso. Ramukan rini ne jere a ƙasa, kowanne da bakinsa kamar rijiya, kuma ana cewa tun 1498 ake aiki a wurin. Na tarar da wani dattijo durƙushe a bakin raminsa. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, ya fito kore-kore, ya riƙe shi a iska, ina kallo ya riƙa juyewa shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Na ce, "Baba, har sau nawa?" Ya ce, "Yaro, har sai ya ƙoshi." Ganyen baba da toka ake haɗawa a ramin, a bar su kwanaki su nuna. In ramin ya gaji, sai a kwashe laƙar da ta kwanta a ƙasa, a busar, a ƙona, ta zama katsi. Ku riƙe wannan kalma ta katsi, za mu sake gamuwa da ita a kan rufin soro.

Daga nan na miƙe yamma zuwa Babban Masallacin Juma'a, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da hasumiyoyinsa biyu. A gefensa Gidan Rumfa yake, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina. Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma duk inda ka juya a tsakiyar birnin sai ka ci karo da aikin hannunsa. Shi ya faɗaɗa ganuwa, shi ya kafa kasuwar Kurmi, a zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki. Na tsaya a filin Ƙofar Kudu, inda mahaya ke jafi ranar hawan Daushe. Ranar babu doki babu algaita, sai dogarai da jajayen rigunansu, da tattabaru a kan zankwaye. A irin wannan shirun ne mutum ke lura da kaurin katanga da tsayin ƙofa.

Tsallaken titi kaɗan sai Gidan Makama, inda ake cewa Rumfa ya zauna kafin ya hau gado, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. Nan na fi daɗewa. Rana ta take a waje, amma da na sa ƙafa a zaure sai na ji sanyi ya ratsa ni, babu fanka babu na'ura. Na ɗaga kai, sai ga bakan gizo ya taso daga bango, ya lanƙwasa, ya je ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiyar rufi.

Wani tsohon magini da ke gyaran bango a kusa ya ga na saki baki ina kallo, sai ya yafito ni. Ya ce, "Malam, daga ina?" Na ce daga Gumel. Ya ce, "To ai ku ma kuna da irinsa, sai dai in ba kwa ɗaga kai." Ya ɗauko guntun azara ya miƙo mini. Baƙa ce, da nauyi, da tsini-tsini kamar ƙaya. Ya ce daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai. Don haka sai a dasa ta a bango, a ɗaura wata a kanta da igiya, kowace ta ɗan fi ta ƙasanta leƙowa, ana bi da ƙasa ana lulluɓewa, har na gabas ya gamu da na yamma. In bakunan sun gitta juna, shi ake kira ɗaurin guga. Bangon kuwa da tubali ake tayar da shi, wanda ake mulmulawa da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya a rana. A ƙasa bangon yana da kauri, yana hawa yana sirancewa, shi ya sa yake ɗaukar nauyin kansa. Zafin rana kafin ya ratsa wannan kauri dare ya yi.

Na tambaye shi yadda ginin ƙasa ke jure damina. Ya yi murmushi ya nuna indararo, ya ce aikinsa ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Rufin kuma da laso ake shafe shi, wato katsin marina a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da yauƙin dafara. Bango kuma a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Ku duba wannan hikima, jama'a. Abin da marini ya zubar, da abin da majemi ya zubar, su magini ya tattara ya rufa wa gari asiri. Sana'a tana riƙe da hannun sana'a. Da zan tafi ya ce da ni, "Soro kamar tsoho yake. In kana leƙa shi kowace shekara, sai ya ga jikokin jikokinka."



Bayan azahar na kutsa lungu na nufi Kurmi. A lungun birni ba a sauri. Wani wurin in ka miƙa hannuwa biyu sai ka taɓa bangon dama da na hagu, kuma wannan matsin shi ke ba da inuwa. Ga dakali a ƙofar gida, dattijai na zaune. Ga zaure, almajirai na karatun allo. Ga wani gida da aka zana dagi a goshinsa, an kewaye shi da zayyana, zankwaye a tsaye a kusurwoyi kamar kunnuwan zomo. Tsarin gidan ma magana yake yi: baƙo iyakarsa zaure, na jiki ya wuce shigifa, cikin gida kuwa na iyali ne. Ba a rubuta doka a bango ba, ginin ne ke koya maka ladabi.

Sunayen unguwanni kuma littafin tarihi ne a buɗe. Zangon Barebari, masaukin mutanen Barno. Tudun Nufawa. Ayagi, inda Yarbawa suka zauna. Agadasawa. Dandalin Turawa, wanda ba na Nasara ba ne, na Larabawan da suka ƙetaro Sahara ne, domin su aka fara kira Turawa. Sharifai. Dukawa. Soron Ɗinki. Kowane suna yana faɗa maka wanda ya zo, da inda ya fito, da abin da ya iya. Da na shiga Kurmi, na bi ta rumfunan masu sirdi da linzami, da masu turare, da masu littattafai, har na tsaya gaban wata tsohuwa da tulin kanwa a faifai. Na tsaya kallon kanwar nan fiye da yadda na tsaya kallon komai a kasuwar, don na tuna ita ce ta ɗaura zumunci tsakanin garinmu da wannan birni.

La'asar sakaliya na hau Dala. Nan Kano ta faro, wurin maƙera da masu narka tama, wurin Barbushe da Tsumburbura kamar yadda Tarihin Kano ya kawo. Daga sama ka ga Goron Dutse, ka ga hasumiyoyi, ka ga kwanon rufi yana ƙyalli iya ganinka. Na nemi ganuwa da ido. Ganuwar nan Sarki Gijimasu ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka riƙa ƙarawa. Turawan da suka ci Kano a 1903 kansu sun yi mamakin girmanta. A 2007 an sa ta cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Amma abin da na hango guntaye ne, nan tudu, can gibi. Wani wurin an ɗebi ƙasarta an yi gini, wani wurin an kafa shago a kanta, wani wurin ta zama juji. Abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

Ana ba mu labarin biranen Turai, yadda mutane ke biyan kuɗin jirgi don kawai su je su taka titunan Roma, su ga dandalin Kolosiyam da aka gama tun shekara ta 80 bayan haihuwar Annabi Isa, ko su je Fenis inda ƙafa da kwalekwale ne abin tafiya. Za a ce ai su da dutse suka yi gini. To, ga Jenne a ƙasar Mali, masallacinta na ƙasa ne, an sake gina shi a 1907, kuma duk shekara gari ke fitowa, maza da mata da yara, a yaɓe shi. Ga Agadas, hasumiyarta ta ƙasa na nan tsaye, birnin ya shiga kundin UNESCO a 2013. Ga Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, bakunansa har yau ana zuwa kallo. Mutanen Maigatari masu shiga Damagaram sun san unguwar Birni da gidajenta masu zayyana. Ashe ba dutse ke raya gini ba, kulawa ce.

A nan maganar ta dawo gida. Tun 1845 Gumel take hedikwatar masarauta, bayan an taso daga Tumbi. Garin da ya kai waɗannan shekaru ba ya rasa abin nunawa. A gidanmu akwai wani soro na kakana, mai ɗaurin guga, inda yake karɓar baƙi. Shekara uku a jere ba a yi masa yaɓe ba, damina ta huɗu rufin ya zauna. Muka kwashe ƙasar, muka sa bulo da kwano. Yanzu in bazara ta yi, ba mai iya zama a ɗakin da rana. Ba wanda ya rusa mana shi. Mu muka daina ɗaga kai.

Ba cewa nake kowa ya bar siminti ba, zamani riga ne. Roƙona ƙarami ne. Ranar Juma'ar nan, bayan la'asar, ka ajiye babur. Ka kama hannun ɗanka ko 'yarka, ku taka daga ƙofar fada zuwa tsohuwar unguwa. In a Gagarawa kake ko Sule Tankarkar, ku nufi ƙofar gidan hakimi ko dagaci, ku nemi zauren da ya fi kowanne tsufa. Ku yi sallama da dattijon da ke kan dakali, ku tambaye shi wa ya gina nan, ina ƙofar gari take a da, daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasar, me ya sa ake kiran unguwar da sunanta. Matasa masu waya, ku ɗauki hoto, ku naɗi muryarsa da izininsa. Malaman makaranta, ku fito da ɗalibai ko sau ɗaya a zango. Wanda kuma Allah ya bar masa soron gado, ya nemi magini tun rani, kafin hadari ya haɗo daga gabas. Maginan da suka iya bakan gizo tsufa suke yi, kuma in ba a ba su aiki ba, ba yaron da zai tsaya ya koya.

Nan za mu dasa aya. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka mulmula tubalin da muke fakewa a inuwarsa, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amana.