Gwajin Sabuwar Wuƙa Kafin Kwanan Daji

Duk wanda dare ya taɓa riska shi kaɗai a bukka, tsakanin Abalak da Tawa, ya san wuƙa ba ado ba ce. In sa ya faɗi tsakar dare, ba mahauci kusa, kaifinta ne zai raba nama da mushe. A mazhabar Malikiyya, sai an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, ba tare da ɗauke hannu ba. Dakusasshiyar wuƙa kuwa ba ta iya wannan.

To, yaya ake gwada ta? Da farko ka riƙe ƙotar ka girgiza. In ta yi motsi, mayar wa mai ita. Na biyu, ka yanke igiya sau da yawa, ka fere ɗanyen itace, sannan ka gwada ta a gashin hannunka. In har ta aske, ƙarfen na kirki ne.

Wuƙar maƙera tana saurin kama kaifi a dutse, amma raɓa na sa mata tsatsa. Saboda haka a goge ta, a shafa mata mai, kada a mayar da ita kube da jini. Farar nan ta kanti ba ta cika tsatsa ba, sai dai wasa ta da wuya.

Wuƙar yanka daban, ta igiya daban. Kuma kada a wasa wuƙa dabba na kallo. Allah Ya tsare mana dukiya, amin.