Munduwar Gargaɗin Lafiya: Me Ya Kamata A Rubuta A Kanta?

A shekarar 1953, a garin Turlock da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wata yarinya 'yar shekara 14 ta yanke a yatsa, aka kai ta asibiti. Kafin a yi mata allurar kariya daga sandarewar jiki, sai aka ɗan gwada maganin a fatarta. Wannan ɗan gwajin kaɗai ya kusa kai ta lahira, domin jikinta ba ya karɓar maganin. Mahaifinta, Dakta Marion Collins, likita ne, ya kuma san cewa in aka sake yi mata wannan allura a inda ba a san ta ba, sai dai wani ikon Allah. Da farko takarda ake maƙala mata a riga. Daga baya aka ƙera mata munduwar azurfa aka zana gargaɗin a jikin munduwar. A 1956 mahaifin ya kafa gidauniyar MedicAlert, wadda ta yaɗa wannan dabara a duniya.

Amfanin munduwar ɗaya ne. Wanda ya suma a tasha, ko aka zaro shi daga motar da ta yi hatsari a hanyar Kano zuwa Zariya, ba zai iya gaya wa likita abin da ke damun sa ba, kuma waɗanda suka kawo shi ba su san shi ba. Munduwar ce bakinsa a wannan lokaci. Alhazanmu ma sun san irin ta: bayan turmutsutsun Mina na 2015, hukumomin Saudiyya sun fito da mundayen lantarki a 2016 masu ɗauke da bayanan alhaji da na lafiyarsa.

Sai dai fuskar munduwa ƙarama ce, layi huɗu ko biyar take ɗauka, ma'aikacin jinya kuma kallo ɗaya zai yi mata. Saboda haka duk abin da mutum ke son sa wa, ya fara tambayar kansa: in likita bai san wannan ba a mintunan farko, zai iya ba ni abin da zai cutar da ni, ko ya makara wajen ba ni abin da zai cece ni? Abin da amsarsa ta zama e, shi ya cancanci gurbi.

Na farko shi ne maganin da jiki ba ya karɓa. A nan akwai bambanci tsakanin maganin da ke sa tashin zuciya ko jiri, da wanda ke kumbura fuska da maƙogwaro, ya toshe numfashi, ko ya saɓule fata. Na biyun ake nufi. Fenisilin da danginsa na cikin waɗanda aka fi sani, sai magungunan salfa irin su Septrin da Fansidar. Haka wanda gyaɗa ko harbin zuma ya taɓa hana shi numfashi. A rubuta sunan abin ƙarara. Kuma kada a rubuta bisa zato, domin wanda ya zana cewa fenisilin ba ya karɓar sa alhali ba haka ba ne, ya rufe wa kansa ƙofar magani mai kyau da araha. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu, cutar da kan iya kayar da mutum farat ɗaya. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allurar insulin, sugansa na iya faɗuwa ƙasa, ya riƙa gumi da karkarwa da sambatu, har jama'a su ɗauka maye ne ko iskokai. Kalma biyu a wuyan hannu sun isa su sa a auna suga nan take. Mai farfaɗiya ma haka: wanda ya karanta zai san a kwantar da shi ta gefe ake yi, ba a cusa masa cokali a baki, in jijjigar ta wuce minti biyar kuma a garzaya asibiti. Asma da ciwon zuciya da ciwon ƙodar da ya kai ga wankin jini duk sun shiga wannan sahu. Amosanin jini kuwa ya fi shafar mu, tunda Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Haruffan SS ko SC suna sanar da likita cewa zazzaɓi ko ciwon ƙirji a jikin wannan mutum ba abin jinkiri ba ne. Akwai kuma ƙarancin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, inda wasu magunguna da kafur ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai shi.

Na uku, magungunan da ke sauya yadda za a kula da mutum. Mai shan maganin tsinka jini irin wafarin, in ya bugu a kai, jini na iya zuba a ƙwaƙwalwarsa ko da babu rauni a waje. Wanda ya daɗe yana shan firedinisolon, jikinsa ya rage samar da sinadarin da ke riƙe shi lokacin tsanani, don haka yana iya buƙatar allurar gaggawa. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya shi ma ya rubuta, domin sai an bincika irin ta kafin a shigar da shi injin hoton MRI. Magungunan yau da gobe da ake yawan sauyawa, a jera su a kati a ajiye a aljihu, a rubuta a munduwar cewa akwai kati.

Na huɗu, suna da lambar wayar wanda za a kira. A zaɓi mutumin da wayarsa ba ta zama a kashe, wanda kuma ya san tarihin rashin lafiyar. Matafiyi ya sa lambar ƙasa a gaba, +234 ko +227. Ga tsohon da tunaninsa ya fara rikicewa yana fita ya ɓata, ko yaron da ba ya magana, wannan layi ya fi kowanne muhimmanci.

Akwai abubuwan da mutane ke ɓata gurbi a kansu. Rukunin jini ne kan gaba, alhali asibiti ba ya ƙara wa mutum jini bisa abin da aka zana a ƙarfe, sai ya auna ya gwada dacewa da kansa. Adireshin gida da lambar katin ɗan ƙasa ba su taimaki likita da komai ba, ɓarawo za su amfana. Cutar da mutum ke jin nauyin bayyanawa kuma, ya shawarci likitansa. In ya zama dole, a zana ta a fuskar ciki mai taɓa fata.

Harshen rubutu ya dace da wanda zai karanta: Turanci a Nijeriya da Gana, Faransanci a Nijar da Chadi, da manyan haruffa da sunan magani yadda yake a kwalinsa. A waje a sa alamar sanda da maciji, wadda ma'aikatan lafiya suka sani, don kada a ɗauka kayan ado ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya wadatar, ba ya gudun ruwan alwala, kuma namiji Musulmi ya kuɓuta daga zinare.

Kafin a kai wa mai zane, a rubuta layukan a takarda a nuna wa likitan da ke duba mutum ya gyara. In an sauya magani ko lambar waya, a sauya munduwar, domin likitan gaggawa zai yi aiki ne da abin da ya karanta. Sannan a sa ta kullum, har da dare da wurin biki, tunda suma ba ta sallama kafin ta zo.