2.3 Gasar Kofin Sudirman

Bayan an yi bayanin Kofin Thomas na maza da Kofin Uber na mata a sashen da ya gabata, a nan za a duba gasar da ta haɗa maza da mata cikin tawaga ɗaya, wato Kofin Sudirman. An raɗa wa gasar sunan Dick Sudirman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa hukumar wasan badminton ta ƙasar Indonesiya, wanda ya rasu a shekarar 1986. An fara yin ta a birnin Jakarta a shekarar 1989, kuma duk bayan shekara biyu ake gudanar da ita.

Abin da ya bambanta wannan gasa da sauran shi ne tsarin karawarta. Idan ƙasashe biyu suka haɗu, wasanni biyar ake shirya musu: namiji da namiji, mace da mace, maza bibbiyu, mata bibbiyu, sai kuma namiji da mace a kowane ɓangare. Ƙasar da ta ci uku ita ce ta yi nasara. Ke nan gwani ɗaya, komai gwanintarsa, ba zai iya ɗauko wa ƙasarsa kofin ba. Haka kuma ƙasar da ta ba maza horo ta yi sakaci da mata, to tun kafin a fara ta sa wasanni uku daga cikin biyar a hatsari, domin akwai mace a cikinsu.

Wasan ƙarshe na 1989 ya tabbatar da haka. Koriya ta Kudu ce ta cinye wasanni biyu na farko, saura ɗaya ta ɗauki kofin. Sai Susi Susanti, wadda a lokacin shekarunta 18, ta farfaɗo daga baya ta doke Lee Young-suk, daga nan Indonesiya ta ci sauran biyun, aka tashi 3 da 2. Abin mamaki, tun daga wannan shekara ƙasar da ta assasa gasar ba ta sake cin kofin ba.

Zuwa shekarar 2025 ƙasashe uku kacal ne suka taɓa ɗaukarsa. Koriya ta Kudu ta ci sau 4, a 1991 da 1993 da 2003 da 2017, ita kuwa ƙasar Sin ta ci sau 14, farawa daga 1995. Denmak ta kai wasan ƙarshe a 1999 da 2011, amma duk Sin ce ta doke ta.