Farar Ƙurar Hunturu da Dukiyar da Ke Cikinta

Duk wanda ya yi hunturu a Bukkuyum ya san hazon da ke rufe gari har rana ta koma kamar faifan azurfa. Kaɗan ne suka san cewa wani kaso na wannan ƙura daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon Tafkin Chadi ya malale shekaru kusan 7,000 da suka wuce. Da ruwan ya janye, sai ya bar wata farar ƙasa marar nauyi da masana ke kira dayatomait.

Asalinta ɓawon wata irin gansakuka ce da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Kowace ƙwaya na gina wa kanta kwanso na silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. In ta mutu, kwanson ya nutse, wani kan wani, har ya zama tudu. Kwanson cike yake da ƙananan ƙofofi kamar rariya, kuma a nan sirrin amfaninta yake.

Babban aikinta shi ne tacewa: ruwan sha, sukari, man girki, duk ana bi da su ta cikinta su fito garau. A 1867 Alfred Nobel ya sami lasisin ƙirƙirar nakiyar dainamait, bayan ya gano cewa wannan ƙasa na shanye ruwan naitirogilisarin ta rage masa saurin fashewa. Ana sa ta a fenti da man goge haƙori da tubalin da ke tare zafi.

Har a batirin mota ta yi aiki. Ruwan batir asid ne mai cin ƙarfe, amma ba ya cin silika. Shi ya sa a zamanin da ake yin kwandon batir da baƙar roba mai tauri, akan cuɗa ta cikin robar, ta ƙara mata auki da ƙwari ba tare da nauyi ba. Manomi ma yana da rabo: in aka barbaɗa garinta a hatsi, yakan shanye maiƙon jikin ƙwaro har ya bushe ya mutu.

Amurka ce kan gaba wajen haƙo ta, musamman a Lompoc ta jihar Kalifoniya. Mu ma Allah bai hana mu ba, domin akwai ta a Bularafa da ke ƙaramar hukumar Gulani a jihar Yobe.

Sai dai mutanen Bukkuyum da Anka sun fi kowa sanin cewa ma'adini ba ya yafe wa jahilci. A 2010 ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta. Dalmar nan ita ce ke cikin batir. Ita ma dayatomait, in aka gasa ta, ƙurarta na lalata huhun mai shaƙa.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin arewa da jami'o'inmu su auna abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu, su koya wa matasa sarrafa shi nesa da gidaje, da takunkumi a hanci. Arzikin da zai ci ran 'ya'yanmu ba arziki ba ne.